Ƙarin wa'adin ƙalubalantar hukuncin gado: yaushe kotu ke yarda, yaushe take cewa bakin alƙalami ya bushe?

Mutum ya rasu, kotu ta amince da wasiyyarsa ko ta miƙa wa wani ragamar dukiyar da ya bari, sai can bayan watanni wani magaji ya taso ya ce bai yarda ba. Lauya ya duba takardu ya ce masa wa'adi ya wuce. Shin alƙali yana da ikon ƙara masa lokaci, ko kuwa ihu ne bayan hari?

Amsoshi biyu ne suka fi yawo a bakin jama'a, kuma kowacce tana jefa mutane cikin asara. Wasu na cewa haƙƙi ba ya tsufa, duk ranar da ka zo da hujja kotu za ta saurare ka. Wasu kuma na cewa da zarar ranar ta wuce to aikin gama ya gama. A 2019 wata kotu a Landan ta bar matar wani mamaci ta shigar da ƙara bayan ta makara da shekara 25 da wata 9. A 2007 kuwa Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da korar ɗaukaka ƙarar wani fursuna saboda makarar kwana biyu, alhali alƙali ne da kansa ya rubuta masa kwana 17 inda doka ta ce 14. Shari'ar fursunan ba ta gado ba ce, amma ƙa'idar da aka tsaya a kanta tana aiki a kotunan gado da dama. Tsawon jinkiri shi kaɗai bai isa ya faɗa maka yadda za ta kaya ba. Abin da ke yanke magana shi ne irin wa'adin, da bayanin jinkirin, da kuma ko dukiyar tana nan ko an riga an raba ta.

## Wa'adin ba guda ɗaya ba ne

Wanda ya ce zai ƙalubalanci hukuncin gado yana iya nufin abubuwa daban-daban, kowanne da lokacinsa.

Akwai ɗaukaka ƙara, wato alƙali ya saurari ɓangarori ya yanke hukunci, wanda ya sha kaye ya nufi kotu ta gaba. Wannan ne ya fi gajeren wa'adi: kwana 21 a Ingila idan alƙalin bai sa wata rana ba, wata ɗaya a kotunan gado na Jamus, kwana 30 a jihohin Amurka da yawa. A Najeriya, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata uku ne kan hukuncin ƙarshe, kwana 14 kan hukuncin tsakiyar shari'a, kuma rikita waɗannan biyun ya sha kashe ƙara.

Akwai neman a soke wasiyyar kanta, saboda mamacin ba ya cikin hayyacinsa lokacin da ya sa hannu, ko an matsa masa lamba, ko an yi jabun sa hannu, ko shaidu ba su cika ba. A Amurka kowace jiha da nata: a Kalifoniya kwana 120 ne daga ranar da kotu ta amince da wasiyyar, a Ilinoi wata shida, a Tekzas shekara biyu. A Ingila doka ba ta sa wa irin wannan ƙara wa'adi ba sam, sai dai alƙali na iya korar ta idan mai ƙarar ya san abin da ake ciki ya yi zamansa shekara da shekaru.

Sai kuma wanda bai musanta ingancin wasiyyar ba, kukansa shi ne an bar shi hannu rabbana alhali mamacin ne ke ɗauke da nauyinsa. Dokar Ingila ta 1975 ta ba irin waɗannan wata shida daga ranar da aka ba da takardar izinin gudanar da gado. Niyu Zilan ta ba da wata 12. Faransa, inda doka ta keɓe wa 'ya'ya wani kaso da wasiyya ba ta isa ta taɓa ba, ta ba da shekara biyar daga rasuwa, ko shekara biyu daga ranar da magajin ya gano an ci kasonsa, amma kada a wuce shekara goma.

Mutum ɗaya zai iya samun ƙara biyu a kan gado ɗaya, ɗaya ta mutu tun bara, ɗaya tana da sauran shekara guda. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa lauya ita ce wace ƙara ce wa'adinta ya wuce, ƙarƙashin wane sashe.

## Daga wace rana ake fara ƙirga

A nan ne kuskuren da ya fi arha kuma ya fi ɗaci yake faruwa. Wata dokar daga ranar rasuwa take ƙirga, wata daga ranar da aka ba da takardar izini, wata daga ranar da aka miƙa wa magaji sanarwa, wata kuma daga ranar da ya sami labarin abin da zai kafa hujja da shi. A jihar Filorida ta Amurka wata uku ne daga ranar da aka isar wa mutum da sanarwar fara gudanar da gado, don haka 'yan'uwa biyu na iya samun ranakun ƙarshe mabambanta idan ba rana ɗaya takardar ta iske su ba. A Jamus mai son rushe wasiyya saboda kuskure ko barazana yana da shekara ɗaya daga ranar da ya san dalilin, amma bayan shekara 30 da rasuwar an rufe maganar ko ya sani ko bai sani ba.

Kwana da wata ma ba ɗaya suke ba. A ce kotu ta amince da wasiyya ranar 10 ga Maris a wurin da wa'adi yake kwana 120. Wanda ya riƙe a ransa cewa wata huɗu ke nan zai sa ido ga 10 ga Yuli. Amma in an bi kalanda, sauran kwana 21 na Maris, 30 na Afrilu, 31 na Mayu, 30 na Yuni, sun tashi 112, ranar ta 120 ta faɗa 8 ga Yuli. Mai zuwa ranar 10 ya makara da kwana biyu. A yawancin ƙa'idojin kotu ba a lissafa ranar da aka yanke hukuncin, ana lissafa Asabar da Lahadin da ke tsakiya, idan kuma ranar ƙarshe ta faɗa ranar hutu sai a matsa zuwa ranar aiki ta gaba. Ko wannan ma sai an karanta dokar wurin. Haka nan a tabbatar da abin da ake kira shigar da ƙara: a wasu kotunan isar takarda wurin magatakarda ne tare da biyan kuɗin rajista, ba ranar da aka jefa ta a gidan waya ba. Takardar da aka dawo da ita saboda kuɗi bai cika ba, ko an kai ta reshen da ba shi ne ba, tana iya zama tamkar ba a kawo ta ba.

## Wa'adin da alƙali ke iya taɓawa da wanda ya fi ƙarfinsa

Kafin a fara tsara uzuri, sai an san ko akwai wanda ke da ikon karɓarsa. Wani wa'adin dokar da ta kafa shi ta bar masa ƙofa: sashe na 4 na dokar Ingila ta 1975 ya ce ba a shigar da ƙara bayan wata shida sai da izinin kotu. Waɗannan kalmomi, sai da izinin kotu, su ne gaba ɗayan ikon alƙalin. Wani wa'adin kuma sharaɗi ne na hurumin kotu. Idan ya wuce, alƙali ba shi da ikon sauraron maganar ko da tausayi ya cika masa zuciya, kuma ko ɗaya ɓangaren ya ce ya yafe, yafewarsa ba ta ba kotu hurumin da majalisa ba ta ba ta ba. Kotunan Ilinoi haka suke ɗaukar wata shidansu. Abin da ya sami fursunan nan na shari'ar 2007 ke nan, inda alƙalai biyar cikin tara suka ce kuskuren alƙalin ƙasa bai isa ya faɗaɗa abin da doka ta taƙaita ba.

Filorida ta fito da maganar ƙarara. Dokarta ta ce dalili ɗaya ne kacal ke tsawaita wata ukun nan, shi ne idan mai gudanar da gadon ya faɗa wa mutum wa'adin da ba daidai ba. Ɓoye bayani ko rashin gaskiyarsa a wasu fannoni ba sa ƙara ko kwana ɗaya. Jamus ta bi wata hanya: wanda ya makara ba da laifinsa ba yana iya neman a mai da shi matsayinsa na farko cikin mako biyu da gushewar abin da ya hana shi, kuma idan takardar hukuncin ba ta bayyana masa yadda zai ɗaukaka ƙara ba, ko ta bayyana ba daidai ba, ana ɗauka cewa ba laifinsa ba ne. Da fursunan nan a ƙarƙashin irin wannan doka yake, da wataƙila labarinsa ya sauya.

Rufaffen wa'adi ma yakan zo da keɓantattun mutane. A Kalifoniya, yaro ko mai taɓin hankali da ba shi da waliyyi a idon doka lokacin da aka amince da wasiyyar yana iya neman a soke ta har zuwa ranar da kotu ta ba da umarnin rabon ƙarshe. A Tekzas, idan jabu ko zamba ake zargi, shekara biyun daga ranar gano su take farawa. Sai kuma wanda ba a sanar da shi ba sam. Tun 1950 Kotun Ƙolin Amurka ta ce sanarwa a jarida ba ta wadatar ga wanda aka san sunansa da inda yake, kuma a 1988 ta ɗora wannan ƙa'ida a kan masu bin mamaci bashi. Kotunan Amurka sukan bambanta ƙaryar da aka yi a gaban alƙali, wadda ya kamata a tona ta a lokacin shari'a, da zambar da ta hana mutum zuwa kotun tun asali, kamar a rantse cewa mamaci ba shi da wani ɗa alhali an san da shi. Ta biyun ce aka fi warware tsohon hukunci saboda ita.

Wani lokaci ƙofar ta rufe amma akwai wata a gefe. A 2009 Kotun Ƙolin Ilinoi ta bar wata ƙungiyar asibitoci, wadda ba ta san an ambace ta a tsohuwar wasiyya ba sai bayan wata shidan sun wuce, ta nemi diyya kai tsaye daga mutumin da take zargi da juya tunanin mamaciyar. Wasiyyar tana nan daram, shari'ar diyya ce aka buɗe.

## Abin da alƙali ke ɗorawa a sikeli

Inda doka ta bar ƙofa, kotunan Ingila sun fi kowa fayyace yadda ake shiga, kuma ma'aunansu sun yi kama da na ƙasashe da yawa. Alƙali Robert Megarry ne ya jera su a 1980, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake tabbatar da su a 2013. Nauyin gamsar da kotu yana wuyan mai nema. Ana duba yadda ya yi hanzari bayan ya farga, ko an fara tattaunawar sulhu kafin wa'adin ya cika, ko an riga an raba dukiyar, ko hana shi zai bar shi ba wata mafita, sannan ko ƙarar tasa tana da ƙafar tsayawa.

In aka jera shari'o'in kusa da juna sai a ga yadda sikelin ke rinjaya. A ta 1980, makarar matar mamacin ba ta kai wata shida ba, amma aka hana ta: an riga an raba mafi yawan dukiyar, kuma tana da damar ƙarar lauyoyinta da suka yi sakaci. A ta 2013, matar ta makara da kimanin shekara shida, kotu ta yarda ƙararta tana da ƙarfi, duk da haka ta hana, don ba ta iya bayyana abin da ya zaunar da ita tsawon shekarun ba. A ta shekara 25 kuwa, mijin ya rasu a 1990 bai bar wasiyya ba, kusan duk dukiyar gida ɗaya ne a Landan da matar ke zaune a ciki, ba a taɓa raba shi ba, matar ba ta da zurfin karatu kuma Turancinta kaɗan ne, 'ya'yan mijin sun tare hanyar sayar da gidan tun farko sannan suka yi shiru shekaru. Hana ta na nufin ta rasa matsuguni. Aka ba ta izini, babbar kotu ta tabbatar a 2020.

Wanda ya karanta labarin shekara 25 ya ce ashe akwai sauran lokaci ya karanta shi a baibai. Abin da ya ceci matar shi ne gidan yana nan ba a taɓa shi ba. A lardin Ontariyo na Kanada doka ta ce ƙarar da ta zo bayan wata shida tana iya shafar abin da ya rage ba a raba ba kawai. A Niyu Zilan ba a ƙara wa'adi bayan rabon ƙarshe. Ko inda doka ba ta faɗi haka ba, alƙali ba ya son ya ce wa magajin da ya karɓi rabonsa da zuciya ɗaya, ya biya bashi da shi ko ya zuba shi a sana'a, ya dawo da kuɗin. Jinkirin wata biyu bayan rabo ya fi jinkirin shekara biyu kafin rabo haɗari.

A lura cewa wannan sassauci na ƙarar neman kaso ne. Ɗaukaka ƙara ta fi tsauri, don mai ita ya riga ya sami ranarsa a kotu. A Ingila tun 2014 matakai uku ake bi: girman makarar, dalilinta, sannan duk yanayin shari'ar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a shekarar nan rashin kuɗin ɗaukar lauya ba dalili ne mai kyau ba, haka ma kasancewar mutum shi ke tsaya wa kansa. A Najeriya sharuɗɗa biyu ne, kuma dole a cika su tare: ƙwararan dalilan makara, da dalilan ɗaukaka ƙara waɗanda da ganinsu sun cancanci a saurara. A Indiya sashe na 5 na dokar wa'adi ta 1963 yana ba kotu ikon yafe jinkiri idan akwai isasshen dalili, amma ya tsaya ga ɗaukaka ƙara da roƙe-roƙe, bai shafi sabuwar ƙara ba.

## Yadda ake nema, da inda ake faɗuwa

Idan wa'adin bai cika ba tukuna, kuma hujjoji ba su kammala ba, mafi aminci shi ne a shigar da ƙarar da abin da ke hannu, sannan a roƙi kotu ta jingine ta ko ta ba da damar gyara daga baya. Roƙon ƙarin lokaci da aka kai kafin ranar ƙarshe yana da sauƙin karɓuwa nesa ba kusa ba, domin ba a kai ga saɓa komai ba.

Idan ya riga ya wuce, takardu huɗu ne galibi ke tafiya tare: roƙon ƙarin wa'adi da ya ambaci sashen dokar da ya ba kotu iko, takardar rantsuwa mai bayanin jinkiri, kwafin hukuncin ko takardar izinin da ake ƙalubalanta, da cikakkiyar ƙarar da ake son shigarwa, a shirye. Wanda ya zo roƙon lokaci ba tare da ƙarar a hannu ba yana nuna wa alƙali cewa har yau bai shirya ba. A sanar da duk wanda abin ya shafa, kuma a ranar a rubuta wa mai gudanar da gadon cewa ya dakatar da rabo. In ya ƙi, a haɗa da roƙon umarnin hana shi.

Takardar rantsuwar ita ce zuciyar aikin. Wadda ta ce "na yi fama da rashin lafiya da baƙin cikin rasuwar mahaifina, shi ya sa na makara" ba ta ba alƙali abin kamawa ba. Wadda ke aiki ita ce mai cewa an kwantar da ni ranar kaza, an sallame ni ranar kaza, ga takardar asibiti. Na fara ganin kwafin wasiyyar ranar kaza, ga saƙon da aka turo mini ita. Na ga lauya bayan kwana huɗu. Mun nemi fayil daga magatakarda ranar kaza, ga rasit, ya fito ranar kaza. Lauyan ɗaya ɓangaren giɓi zai nema. Idan asibiti ya cinye wata biyu cikin jinkirin wata bakwai, tambayarsa a kan sauran biyar ɗin za ta tsaya. Kuma kwanakin da suka fi cutarwa su ne na bayan fargawa. Mutumin da bai san komai ba tsawon shekara uku, ya ji yau ya shigar da roƙo mako mai zuwa, ya fi wanda ya makara da wata huɗu amma uku daga ciki yana sane yana jan ƙafa.

Rashin sanin doka shi kaɗai ba ya cika yin tasiri, sai in ya haɗu da wani abu kamar rashin jin harshen kotu, zama a wata ƙasa, ko dogaro da maganar mai gudanar da gadon. Kuskuren lauya kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Wasu kotunan ba sa son ɗora wa mutum laifin lauyansa, musamman in kuskuren lissafi ne. Jamus tana ɗaukar laifin lauya a matsayin laifin wanda ya ɗauke shi. A Ingila, kamar yadda aka gani, samun damar ƙarar lauyan na iya zama dalilin hana ƙarin lokaci. Duk lauyan da wa'adi ya kuɓuce a hannunsa bai kamata ya zama shi ke ba da shawarar abin yi na gaba ba, domin maslaharsa da ta mai ƙara sun rabu.

Akwai wani ruɗani da ya yawaita a tsarin Ingila da masu bin sa. Takardar dakatarwa da ake shigarwa a rajistar gado tana hana a ba da izinin gudanarwa tsawon wata shida, ana kuma iya sabunta ta, amma an yi ta ne domin mai shakkar ingancin wasiyya ko cancantar wasiyyi, wato mai gudanar da gadon. Mai neman kaso kawai abin da ya dace da shi shi ne ya yi rajistar a sanar da shi da zarar izinin ya fito, don ya san ranar da wata shidansa ya fara. Tun 2014 ma yana iya shigar da ƙararsa kafin izinin ya fito.

## Sulhu ba ya tsayar da wa'adi da kansa

Dangi sukan ce a bar maganar kotu, mu zauna mu daidaita. Shawara ce mai kyau, amma kwanaki na tafiya ana zaman. Maganin da lauyoyi suka samo shi ne yarjejeniyar jingine wa'adi, inda ɓangarori ke alkawarin ba za su kafa hujja da makara ba muddin ana tattaunawa. A farkon 2019 Alƙali Mostyn na Ingila ya hana wata mata da ta makara da wata 17, ya ce ya kamata a daina irin wannan yarjejeniya domin lokacin na kotu ne, ba na masu shari'a ba. Cikin shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncinsa. Ta ce wata shidan ba bulalar horo ba ce, an sa shi ne don kare masu gudanar da gado da magada, kuma ko da yake yarjejeniyar ba ta ɗaure kotu ba, da wuya alƙali ya yi watsi da ita idan ɓangarorin suna da lauyoyi. Sharaɗin shi ne ta kasance a rubuce, da tsawon lokacinta, kuma duk wanda abin ya shafa yana ciki. Magaji ɗaya da aka manta ba a sa shi ba yana iya tashi ya ce shi bai yafe ba. A wurin da wa'adi yake sharaɗin hurumi kuwa, irin wannan takarda ba ta da amfani ko kaɗan, kuma dogaro da ita ya fi rashinta muni.

## Lokacin da aka ƙara wa kowa

Annobar korona ta nuna wani nau'in ƙari na daban, wanda ba sai mutum ya roƙa ba. Kotun Ƙolin Indiya ta cire daga 15 ga Maris 2020 zuwa 28 ga Fabrairu 2022 daga lissafin wa'adi. Jihar Niyu Yok ta tsayar da nata daga 20 ga Maris zuwa 3 ga Nuwamba 2020, Ontariyo daga 16 ga Maris zuwa 14 ga Satumba. Gardamar da ta biyo baya ita ce ko an tsayar da ƙirgar ne gaba ɗaya, ko kuwa an ɗaga ranar ƙarshe ce kawai ga waɗanda wa'adinsu ya cika a tsakani. In tsayarwa ce, wanda ke da sauran kwana 40 ranar da aka rufe yana da kwana 40 ɗinsa cur bayan buɗewa. Wata kotun ɗaukaka ƙara a Niyu Yok ta yanke a 2021 cewa tsayarwa ce. Duk sanda aka ji sanarwar ƙarin wa'adi na bai-ɗaya, wannan bambanci ne abin dubawa na farko, sai kuma ko sanarwar ta haɗa da wa'adin da majalisa ta kafa ko ta tsaya ga na ƙa'idojin kotu.

## Masu son a tsawaita da masu son a taƙaita

Masu neman a tsawaita wa'adi suna da hujja mai nauyi. Kwana 30 ko wata uku na farko lokacin makoki ne, magada na iya zama a warwatse a ƙasashe, kuma hujjar cewa mamaci ba ya cikin hayyacinsa tana buƙatar fayil ɗin asibiti da na lauyan da ya rubuta wasiyyar, waɗanda sau da yawa suna hannun mutumin da ake zargi. Gajeren wa'adi yana kuma tilasta wa mutane kai dangi kotu kafin su gwada sulhu.

Masu adawa na cewa duk ranar da aka ƙara, daga aljihun wasu ta fito. Mai gudanar da gado mai hankali ba ya rabo sai wa'adi ya wuce. A Ingila da yawa sukan jira wata goma, wato shida na doka da huɗu da mai ƙara ke da su don isar da sammaci. A tsawon wannan jira marayu na buƙatar kuɗin makaranta, gida na lalacewa, kasuwanci na tsaye, shaidu na tsufa suna mantuwa, kuma babban shaidan, mamacin, ba ya nan. Dogon wa'adi yana kuma ba mai ƙarar banza sandar tatsar sulhu.

A ganina gardamar tsawo da gajarta ta kauce wa inda gizo ke saƙa. Gajeren wa'adi ba zalunci ba ne idan daga ranar sanarwa ta haƙiƙa yake farawa, an haɗa wa mutum da kwafin wasiyyar, an rubuta masa ranar ƙarshe ɓaro-ɓaro, kuma akwai ƙofa ga yara, marasa hayyaci da wanda aka ɓoye masa. Dogon wa'adin da ke farawa daga ranar da mutum bai san da ita ba ya fi shi cutarwa.

## Mai gudanar da gado da wanda ya riga ya karɓa

Ƙarin wa'adi ba nasara ba ce, izinin shiga ne kawai, kuma sau da yawa kotu na ɗora wa mai nema kuɗin roƙon ko da ya samu. Ga wasiyyi, kariyarsa tana cikin takardunsa: ya isar da sanarwa ga kowa ta hanyar da ke barin shaida, har da magajin da ake ganin ba zai ce komai ba, ya ajiye rasit ɗin isarwa, kuma kada ya faɗi wa'adi da ka. Dokar Ingila ta 1975 ta ce ba a kama wasiyyin da ya yi rabo bayan wata shida da laifin rashin hasashen cewa kotu za ta ƙara wa wani lokaci, amma ta bar damar bin dukiyar a hannun waɗanda suka karɓa. Wanda wasiƙar ƙorafi ta riga ta iske shi kuwa, ya yi gaggawar rabo don ya sha gaban mai ita, yana iya biya daga aljihunsa. Idan dole ne a saki wani abu saboda buƙatar iyali, a saki ɓangare, a riƙe abin da zai iya ɗaukar ƙarar da kuɗin shari'a, kuma kowane mai karɓa ya sa hannu cewa zai dawo da abin da kotu ta ce a dawo da shi.